TARIHIN HOTUNAN TASHOSHIN JIRAGEN RUWA

Ya ku 'yan makaranta, yawancinmu mutanen tudu ne. An haife mu nesa da teku, mun girma ba mu san ruwan da ya fi kogi ko tafki ba. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar mil 700 ce a jirgin ƙasa, sabo da haka da yawa daga cikinmu labarin teku kawai mu ke ji, ko kuwa mu gan shi a hoto. Duk da haka ba mu rasa abin da ya haɗa mu da shi ba, gama tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fatu da audugar kakanninmu ta bakin teku suka riƙa fita zuwa ƙasashen Turai.

To, a cikin hotunan teku akwai waɗanda ba na'ura ce ta ɗauke su ba. Mutum ne ya zauna da buroshi da fenti ya zana da hannunsa, wani ya yi wata guda a kai, wani shekara. Yau muna so mu ba ku tarihin kashi ɗaya daga cikinsu, watau hotunan tashoshin jiragen ruwa, irin wurin da mazauna bakin kogi ke kira kwata, da na mutanen da ke neman abinci a wurin: masunta, da matuƙa, da 'yan dako, da mata masu sayar da kifi.

Littattafan tarihi sun cika da sunayen sarakuna da sarakunan yaƙi, amma da wuya ka sami sunan wanda ya ɗauki buhu ya kai cikin jirgi. Masu zane ne suka ajiye mana kamanninsa. Abin da za mu bi da ku shi ne yadda a cikin shekara kamar 300 wannan talaka ya taso daga gefen hoto, inda ya ke ɗan ɗigo, ya dawo tsakiya, har daga bisani ya karɓi buroshin da kansa. Kafin mu kama hanya ga guzurin tambaya uku, ku riƙe su ko wane hoto muka iso. Wa ya biya kuɗin zanen? Wa ke aiki a cikinsa? Mene ne kuma aka bari ba a zana ba?

HOLAN, ƘASAR DA RUWA YA CIYAR

Mu fara da ƙasar Holan. Ƙarama ce, shimfiɗaɗɗiya, wani sashenta ma teku ya fi shi tudu, sai da aka yi ganuwa aka tare ruwa kana aka sami wurin noma. Mutanenta sun yi shekara 80 suna faɗa da Sarkin Sifen kafin ya yarda da 'yancinsu a 1648. Arzikinsu kusan duk a ruwa ya ke. Akwai wani ƙaramin kifi da a ke kira herin, su kan kama shi da yawan gaske, su feɗe shi, su sa masa gishiri, su danna a ganga tun suna tsakiyar teku, sa'an nan su kai shi ƙasashe su sayar bai lalace ba. A 1602 kuma attajiransu suka haɗa jari suka kafa babban kamfani mai aika jirage gabas mai nisa, su komo da masoro da kanumfari da kirfa.

A sauran ƙasashen Turai sarakuna da shugabannin majami'u su ne iyayen gidan masu zane, abin da suka ce shi a ke zanawa. A Holan kuwa yawancin majami'u sun daina rataya hotuna, sai ya zama tilas mai zane ya nemi kasuwa wurin attajirai da masu kantuna da masu sana'a. Mai saye kuwa abin da ya sani shi ya ke so ya gani a bangon ɗakinsa: garinsu, da kwatarsu, da irin jirgin da ya kawo masa riba. Wannan shi ne mafarin yawaitar hotunan da mu ke magana.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne hoton birnin Delft, wanda Johannes Vermeer ya zana wajen 1660 zuwa 1661. Ya tsaya ne kudu da birnin, tashar jirage na tsakaninsa da ganuwa. Fiye da rabin hoton sama ce da gizagizai. Wani baƙin gajimare ya yi wa gaban birnin inuwa, amma can baya rana ta faɗa kan rufin gidaje da hasumiyar sabuwar majami'a, har sai ka ce ka miƙa hannu ka ji ɗuminta. Agogon da ke bisa ƙofar gari ya nuna ƙarfe 7 na safe ta ɗan gota. Ruwa ya kwanta, inuwar ƙofofin birni biyu na ciki. Daga dama ga jiragen kamun herin guda biyu an ɗaure su ana jiran gyara. A gaba kuwa, bisa rairayin gaɓa, ga 'yan mutane kaɗan suna jiran jirgin fasinja irin wanda doki ke ja daga bakin ruwa, mata biyu sun keɓe gefe suna taɗi.

Ku dubi girman mutanen nan. Ko wanensu kamar tsawon yatsa ne, fuskokinsu ma ba su fita ba. Birnin ne babban baƙo a hoton, su kuwa 'yan rakiya. Ga kuma abin da aka bari. A 1654, watau shekara kamar 6 kafin zanen, rumbun albarushi ya fashe a Delft, ya rushe unguwa guda, ya hallaka mutane da yawa, har da wani gwanin zane mai suna Carel Fabritius. Amma a hoton Vermeer ba ka ganin kango ko ɗaya, sai gari lafiyayye da safiya mai daɗi. Gwamnatin Holan ta sayi hoton a 1822, yana nan a gidan hotuna na Mauritshuis a birnin Heg.

Gwanintar mutanen Holan ba ta tsaya gida ba. Akwai wani uba da ɗansa, sunansu ɗaya, Willem van de Velde. Uban ya kan shiga ƙaramin jirgi ya bi rundunar yaƙi, ana harbi yana zane. Wajen 1672 suka ƙaura Ingila, Sarki Chals na 2 ya yanka wa ko wanensu fam 100 a shekara, uban ya zana, ɗan ya sa launi. Daga wurinsu ne masu zane na Ingila suka koyi yadda a ke zana jirgi daidai, igiya bayan igiya.

FARANSA, INDA SARKI YA BIYA

Yanzu mu tsallake shekara kamar 90, mu gangara kudu zuwa Faransa. A 1753 Sarki Luwis na 15 ya sa aka kira wani mai zane, Joseph Vernet, wanda ya yi kusan shekara 20 a birnin Roma yana zana teku. Aka umarce shi ya zaga tashoshin jiragen ruwa na ƙasar ya yi manyan hotuna 24. Ba a bar shi da ra'ayinsa ba. Hakimin da ke kula da gine-ginen sarki ya rubuta masa takarda, garin da zai je, da abin da a ke so ya fito a ko wane hoto. Nufin a nan shi ne sarki da fadawansa su ga ƙarfin ƙasarsu a ruwa ba tare da sun bar fada ba, baƙi kuma su gani su yi shakka.

Vernet ya kwashi iyalinsa, suka yi shekara wajen 10 suna ƙaura daga wannan tasha zuwa waccan. Ana cikin haka yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Ingila, daga 1756 zuwa 1763, baitulmali ya yi ƙasa. Da ya gama hoton Dieppe a 1765 sai aikin ya tsaya, 15 kaɗai aka samu. Ko wane ɗaya faɗinsa ya fi ƙafa 8, tsayinsa ya fi ƙafa 5. Yawancinsu suna gidan tarihin jiragen ruwa a birnin Faris, biyu kuwa a gidan Louvre.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Vernet ya yi askin yadda aka so, ya zana hasumiyoyi da manyan jirage da igwa jere a tashar yaƙi ta Toulon. Amma da ya ke mutum ne mai son jama'a, sai ya cika gaban ko wane hoto da mutane ɗari-ɗari, ko wa da abin da ya ke yi. A hoton cikin tashar Marsai, wanda ya yi a 1754, kwata ta cika maƙil sai ka ce ranar kasuwa. Ga 'yan dako sun sunkuya ƙarƙashin ƙunshin kaya, ga masu mirgina ganguna, ga fataken gabas da rawunansu suna ciniki, ga matan attajirai sun fito kallo suna tattare bakin tufafinsu. A hoton mashigin tashar kuwa har kansa ya zana yana zaune yana aiki, iyalinsa na kewaye da shi, da wani tsoho wanda mutanen garin ke cewa ya haura shekara 100. A Bandol ya zana masunta sun kewaye manyan kifaye da taru suna jawo su. A Dieppe ya zuba kifi iri-iri bisa kwata, masu saye da masu sayarwa na tsaye a kai.

Sabo da wannan ƙwazo nasa, masanan tarihi na yau su kan duƙufa kan hotunan da gilashin ƙara girma, su ga yadda a ke ɗaure kaya a wancan zamani, da yadda a ke auna su, da irin hular matuƙi da takalmin lebura. Abin da akawun sarki bai ga ya isa rubutawa ba, ga shi buroshi ya rubuta.

Amma kada ku manta da tambaya ta uku. Biyu daga cikin garuruwan da ya zana, Bordeaux da La Rochelle, suna cikin manyan tashoshin cinikin bayi na Faransa. Jirage su kan tashi daga nan da tufafi da bindigogi da barasa, su nufo gaɓar Afirka ta Yamma, su sayi mutane, su ƙetare da su tsibiran Amurka, musamman tsibirin da a ke kira Haiti yanzu, a sa su noman rake. Sa'an nan jiragen su komo gida da sukari da gahawa da shuni. A ƙarshen wannan ƙarni har da Hausawa a cikin kabilun da aka lasafta a gonakin tsibirin. Ka dubi hoton La Rochelle, ka ga hasumiyoyi biyu na bakin tasha cikin haske mai laushi, da ganguna, da jama'a cikin walwala. Wanda ya sare raken da ya gina gidajen nan ba ya ciki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Faransa ba ta hana bauta ƙwata-ƙwata ba sai a 1848. Wannan bai rage kyaun zanen ba, amma wanda ya san labarin da wanda bai sani ba, ba abu ɗaya su ke gani ba.

INGILA, AIKIN DARE

Daga nan sai mu ƙetare zuwa Ingila, a zamanin da injuna suka fara mulki. Babban mai zanensu a lokacin shi ne Turner, ɗan wani wanzami na Landan, an haife shi a 1775, ya rasu a 1851. Wani attajirin Manchesta mai masaƙar auduga, Henry McConnel, ya sa shi ya yi masa hotuna biyu masu girma ɗaya. Na farko, na 1834, birnin Benis ne na Italiya da rana tsaka, birnin da dā ya mallaki cinikin Bahar Rum, amma a lokacin ƙarfinsa ya tafi, sai kyau da masu yawon shaƙatawa a kwalekwale. Na biyu, na 1835, bakin kogin Tyne ne a arewacin Ingila, kusa da Newcastle, inda a ke loda kwal.

Ga yadda aikin ya ke. Ana haƙo kwal a ramukan da ke kusa da kogi, amma manyan jirage ba su iya hawa can sabo da rashin zurfi. Sai waɗansu ma'aikata su ɗauko shi a faffaɗan jirage marasa zurfi, ko wane na cin tan 21 ko kusa da haka, su gangaro da shi, su riƙa watsa shi da shebur cikin babban jirgi, wanda zai kai shi Landan. Da ya ke cikar teku da janyewarsa ba su san dare ko rana ba, haka ma'aikatan ba su sani ba. Turner ya zana su da tsakar dare. Farin wata na tsakiyar sama, ya shimfiɗa hanyar haske bisa ruwa har gabanka. Daga dama ga jirage baƙi ƙirin sun yi layi, an hura wuta domin a ga aiki, jan harshenta na haska jikin mutane da hayaƙi. Haske biyu ke gasa a hoton, farin na Allah da jan na 'yan Adam.

A nan aiki ya daina zama ado a gefen hoto, shi ne dalilin zanen gaba ɗaya. Turner ya ba masu shebur irin hasken da dā sai fadar sarki ko filin yaƙi a ke ba. Ko da ya ke haka, har yanzu ba mu ga fuskarsu ba, inuwoyi ne a cikin hayaƙi. Alhali kuwa mutane ne masu zuciya da haɗin kai, gama tun a 1701 suka tara kuɗi daga ladansu suka gina gidan jinya a Newcastle domin tsofaffinsu da marasa lafiyarsu. Ba a jima ba bayan zanen, hanyar jirgin ƙasa da dogayen kwatoci da yashe kogi suka kashe sana'ar. Hotunan nan biyu yanzu suna tare a babban gidan hotuna na Washinton, a Amurka.

Turner ya san yana zaune a kan iyakar zamani biyu. A 1839 ya zana wani tsohon jirgin yaƙi mai filafilai, Temeraire, wanda ya yi faɗa a Trafalgar a 1805, ga wani ɗan baƙin jirgi mai hayaƙi yana jan sa zuwa inda za a farfasa shi, rana na faɗuwa. Sarki ya tsufa, bara ke jan hannunsa.

FENTI YA FITA WAJE

Wani ƙaramin abu ya zo ya sauya sana'ar. Dā mai zane ya kan niƙa launinsa ya ajiye a mafitsarar dabba, in ya huda ta ba ta daɗewa sai fentin ya bushe. Sabo da haka sai ya yi ɗan zane da fensir a waje, ya koma ɗaki ya yi babban aikin. A 1841 wani Ba'amurke, John Rand, ya ƙago ɗan bututun dalma wanda a ke matsawa fenti ya fito. Da wannan, da kuma jirgin ƙasa mai kai mutum bakin teku cikin yini guda, masu zane suka sami damar kafa kayansu a kan kwata, iska na bugunsu.

Claude Monet ya girma a Le Havre, babbar tashar arewacin Faransa. A 1872 ya leƙa ta taga da asuba ya zana tashar cikin hazo. Jar rana ta fito kamar garwashi, ƙugiyoyin ɗaga kaya da bututun hayaƙi da jigajigan jirage sun zama inuwa shuɗiya-shuɗiya, ga ɗan kwalekwale a gaba da mai tuƙi a tsaye. Bai tsaya ƙirga igiya ba, abin da ido ya kama cikin ƙiftawa ɗaya shi ya sa. Da aka nuna hoton a Faris a 1874 wani ɗan jarida ya yi masa ba'a, ya ce ba a gama shi ba, ya ɗauki kalma daga sunan hoton ya laƙaba wa Monet da abokansa. Ashe sunan ba'a shi zai bi su, har ya zama sunan girma. A Satumba 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen sama suka yi wa Le Havre ruwan bama-bamai, tsakiyar birnin ta zama kango. Hotunan masu zane suna cikin shaidun da suka rage na tsohuwar tashar.

MASUNTA SUN SAMI FUSKA

A ƙuryar kudu maso yammacin Ingila akwai lardin Cornwall, a can akwai wani ƙauyen masunta, Newlyn. Daga 1882 samarin masu zane suka fara tarewa a wurin, sabo da haske mai kyau da arahar ɗakin haya. Suka zauna cikin masunta, suna ba su 'yan kuɗi kaɗan su tsaya a zana su. Ɗaya daga cikinsu, Stanhope Forbes, ya iso a 1884. Ya kafa babban ƙyallensa a bakin ruwa, ya yi ta fama da iska da ruwan sama wata da watanni, har ya gama hoton gwanjon kifi a bakin teku, aka nuna shi a Landan a 1885.

A wannan hoto jirage sun koma can nesa, sun zama ƙanana. Mutane su ne manya. Manyan kifaye na zube bisa jiƙaƙƙen rairayi mai ƙyalli, wani dattijon masunci da mata biyu na magana a kansu, can baya jama'a sun taru ana gwanjo. Kana iya karanta fuskokinsu, ka san wa ke so ya sayar, wa ke jan ciniki. Ku tuna da 'yan ɗigon nan na hoton Delft, ku ga tafiyar da aka yi cikin shekara 225. Ba da daɗewa ba aka gina sababbin kwatoci a Newlyn, ciniki ya bar bakin rairayi, sai a hoton ya saura.

Abokinsa Frank Bramley ya shiga da mu cikin gida. A hotonsa na 1888 gari ya waye, kyandir ɗin da aka ajiye a taga ya mutu, abinci na bisa tebur ba a taɓa ba. Wata matashiya ta durƙusa ta kifa kanta a cinyar wata tsohuwa. Ta taga kana hango teku yana tumbatsa. Maigidan ba ya cikin hoton, ba kuwa sai an gaya maka dalili ba. Wannan shi ne kuɗin kifin da ba a faɗa a wurin gwanjo.

Amma nan ma mu yi tambayarmu ta fari. Masu zanen baƙi ne a ƙauyen, masu sayen kuwa masu hali ne na birni, waɗanda ke jin daɗin kallon wahalar masunci daga ɗaki mai ɗumi. Har yanzu wani ne ke ba da labarin wani.

MAI ƊAKI YA KARƁI BUROSHI

Mil kaɗan daga Newlyn akwai garin St Ives. A nan wani mutum ya zauna, Alfred Wallis, an haife shi a 1855. Ya yi aikin jirgi da su tun yana saurayi, daga baya ya buɗe ɗan shagon saye da sayar da tsofaffin kayan jirage. Karatunsa kaɗan ne, bai taɓa shiga makarantar zane ba. Matarsa ta rasu a 1922, kaɗaici ya dame shi, sai ya fara zane yana da shekara wajen 70 domin ya sami abin ɗebe kewa. Lalle gemu ba ya hana ilmi.

Ba shi da kuɗin ƙyalle, sai ya riƙa karɓar kwalaye wurin mai kanti, ya yayyanka, ya yi zane a kai da ragowar fentin jirgi. Bai san ƙa'idar nan ta malaman zane ba, wadda ta ce abin da ke nesa a ƙanƙanta shi. Shi abin da ya fi muhimmanci a wurinsa shi ya ke girmamawa. Ya kan shimfiɗa tasha kamar taswira, sai ka ce tsuntsu ne ke kallonta daga sama, ga bakin shiga, ga hasumiyar fitila, ga duwatsun da ke fasa jirgi, ko wane a inda matuƙi ke bukatar ya san shi. Jiragensa su kan hau igiyar ruwa a karkace, yadda wanda ya taɓa kwana cikinsu kaɗai ya san suna yi. Yawanci kuma daga ka ya ke zanawa, jiragen filafilai na ƙuruciyarsa, waɗanda masu inji suka riga suka kora. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

A 1928 waɗansu ƙwararrun masu zane biyu, Ben Nicholson da Christopher Wood, suna wucewa suka hangi kwalayen a bango ta ƙofar da ke buɗe. Suka tsaya, suka yi mamaki, suka kai labarinsa Landan. Malamai suka koma koyo wurin wanda bai yi makaranta ba. Sai dai sunan bai kawo masa arziki ba, kuɗi kaɗan a ke ba shi, ya rasu a gidan gajiyayyu a 1942. Yau kwalayen nan suna rataye a gidan hotuna na Tate da kuma Kambirij, ana tsaronsu kamar zinariya.

ABIN DA ZA MU RIƘE

To, kun ga hanyar da muka biyo. Attajirin Holan ya biya aka zana masa garinsa, Sarkin Faransa ya biya aka zana masa ƙarfinsa, mai masaƙa ya biya aka zana masa aikin da ke juya injinsa, sa'an nan masunci ya sami fuska, daga ƙarshe ya sami hannu.

In kun sami ɗaya daga cikin hotunan nan a littafi, kada ku yi masa kallon mai wucewa. Ku fara neman inda haske ya fito, ku gane safiya ce ko maraice. Ku dubi ruwan, ko ya cika ko ya janye. Ku bi mutanen ɗaya ɗaya, ku faɗi sana'ar ko wane daga abin da ke hannunsa. Ku tambayi kayan da ke kan kwata daga ina suka fito, wa ya noma su, nawa aka ba shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, in an koya masa.

Kuma kada wani ya ce tun da ba shi da teku ba shi da abin zanawa. Duk inda a ke sauke kaya a ke lodawa, ko kwatar kogi ce, ko tashar mota, ko bakin kasuwa, akwai mutanen da ba wanda zai rubuta sunansu, da sana'o'in da jikokinku ba za su tarar ba. Tsohon St Ives da kwali ya fara. Ku kuwa kuna da takarda da fensir, da ƙuruciya a kai. Allah ya ba mu idon gani, da hannun ajiye abin da muka gani, amin.